Shekara Shida Bayan Yaya Iliyasu, Maginin da Aka Ɗaure wa Baya da Ƙarfe

Ranar Talatar da ta wuce yayana Iliyasu ya cika shekara shida da rasuwa. Ban yi niyyar kawo zancensa a wannan fili ba, domin shi ba basarake ba ne, ba shahararren malami ba, bai kuma taɓa riƙe wani muƙami ba. Magini ne a cikin garin Daura, irin maginan ƙasa masu hawa katanga ana jefo musu tubali suna cafewa. Sai ga shi a makon nan wani abokina da muke koyarwa tare ya kira ni, murya a sanyaye, ya ce likita ya ce sai an yi masa aiki a ƙashin baya, a ɗaure da ƙarfe. Ya ce, "Malam Habu, da yayanka na nan, wurinsa zan fara zuwa." Na gaya masa ɗan abin da na sani, na ajiye waya, na daɗe a zaune. A nan na ga ya kamata in rubuta, ko don wasu masu irin wannan fargaba.

Mu biyar Inna ta haifa, shi ne na fari, ni ne auta, shekara goma tsakaninmu. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu, kuma da cokalin ginin Yaya na yi karatu har na zama malamin makaranta. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, yana da taba a bayan kunne kullum. A unguwarmu da kewaye, in ana son soro mai ɗaurin guga wanda zai shekara da shekaru bai tsage ba, shi ake nema. Na sha tsayawa ina yaro ina kallonsa a saman gini yana tafiya kan katanga kamar a tsakar gida. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa. "Mai ginin nan" take ce masa, ko ta ce wa matarsa Saude, "Kira mini mutumin naki."

Ciwon ya fara ne daga ƙugu, lokacin yana dab da hamsin. Babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, har shi kansa, don babu maginin da ba ya kukan baya. Daga baya abin ya gangara ƙafar hagu. Ya ce ji yake kamar an jona masa wutar lantarki daga ɗuwawu zuwa babban yatsa. Daga gidanmu zuwa wajen rijiyar Kusugu tafiya ce ƙanƙanuwa, amma ya kai sai ya zauna sau biyu a dakalin mutane kafin ya isa. Ya lura in ya ɗan sunkuya yana samun sauƙi, sai ya koma yawo da keke, ba hawa yake ba, turawa yake yana jingine da shi. An yi ƙaho, an yi shafe-shafe, an sha jiƙo iri-iri, an je wurin mai ɗori har sau uku. Kowanne ya ba shi kwana biyu na sauƙi, ciwo ya dawo. Haka aka ci shekara biyu. Sannan takalmi ya fara zamewa daga ƙafarsa a hanya bai sani ba, sai wani ya ɗauko ya biyo shi da shi.

Saude ce ta katse mana wannan jan ƙafa. Wata safiya na shiga gaishe su, ta biyo ni har zaure, ta tsaya tana murɗa bakin mayafi. Ta ce, "Malam Habu, ya hana ni faɗa, amma ba zan iya ba. Fitsari ya fara kufce masa. Kwana huɗu ke nan ni nake wanke wando a ɓoye." Washegari muka hau mota zuwa Katsina, daga can aka tura mu Kano.

Likitan da ya gan mu a Kano matashi ne, mai haƙurin bayani. Ya ɗaga hoton bayan Yaya a gaban fitila, ya nuna mana ƙasusuwan jere ɗaya kan ɗaya, ya nuna inda ɗaya ya zame gaba ya bar layi, ya matse jijiyoyin da ke sauka ƙafa da mafitsara. Ya ce za su buɗe, su sassaƙe abin da ya danne jijiya, su sa kusoshi da sandunan ƙarfe biyu su riƙe wurin, su ɗebo ɗan ƙashi daga kwatangwalo su zuba a tsakani, domin bayan watanni ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya. Bai ɓoye mana haɗarin ba. Ya ce ana iya samun zubar jini, ciwo na iya ruɓa, ƙashi na iya ƙin haɗewa, kuma jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo duka ba. Yaya kuwa ya matso da kujera yana duban hoton kamar an kira shi duba tsagar bango.

Ya ce, "Likita, in kun ɗaure nan ya daina motsi, ai nauyin bai tafi ko'ina ba. Wa zai ɗauka? Na samansa?"

Likitan ya dube shi, ya yi murmushi. Ya ce, "Malam Iliyasu, sana'ar me kake yi?"

"Gini."

"To ka gane. Na samansa ne zai ƙara aiki, kuma wata rana yana iya gajiya. Amma in ba a yi yanzu ba, ina tsoron ƙafafun da fitsarin." Sannan ya nuna tabar da ke bayan kunnensa ya ce, "Wannan kuma sai ka bar ta. Tana hana ƙashi haɗewa." Yaya ya cire ta ya ba ni in jefar, kuma ban sake ganin taba a hannunsa ba.

Aiki ne mai tsada, dangi da abokan sana'a suka taru aka yi abin da za a iya. Amma wahalar da ta fi wannan ita ce Inna. A lokacin, abin da kowa ya yi imani da shi a wajenmu shi ne, duk wanda aka taɓa wa baya da wuƙa ya gama tafiya. Inna ta san wani maƙwabcinsu na dā da aka kai asibiti aka yi masa irin wannan aiki, aka dawo da shi a kwance, kuma babu bayanin da zai goge mata wannan. Ta ce ba da yawunta ba. Kwana uku Yaya yana lallaɓawa zuwa ɗakinta yana zama a bakin ƙofa. A rana ta uku na ji ya ce, "Inna, in ban je ba ma kwanciyar zan yi. Gara in je in gwada. Amma ba zan hau mota ba sai kin ce in je." Har mun fid da rai, sai ta ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ranar tafiya ta rako mu har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Mun kama shi za mu sa a mota, sai ta ɗaga murya ta ce, "Iliyasu." Duk muka tsaya. Ni dai tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta ce, "Iliyasu, ka dawo mini da ƙafarka." Ya sunkuyar da kai, muka sa shi a mota.

Sun shiga da shi da hantsi, ba su fito ba sai bayan la'asar. Da ya farfaɗo, abu na farko da aka ce masa shi ne ya motsa yatsun ƙafa. Na dama suka motsa duka. Na hagu suka motsa, ban da babban, wanda ya ɗan yi rawa kawai. A kwana na uku aka ɗaura masa wata ɗamara mai tauri, ma'aikata biyu suka tsayar da shi. Gumi ya jiƙa shi, ciwon yanka na cinsa, amma ya juyo ya ce, "Habu, wutar nan ta mutu." Ya taka sau biyar zuwa taga, ya dawo. Na fita baranda na yi kukan da na riƙe tun daga Daura.

Mutane sun ɗauka daga an fito tiyata lafiya an gama. Mu a gida muka san ba haka ba ne. An hana shi sunkuyawa, an hana shi ɗaukar abu mai nauyi, an hana shi murɗa jiki, na tsawon watanni. Babu wanda ya tuna mana da cewa bayin gidanmu na tsuguno ne. Kullum sai ni da Saude mun riƙe shi a ciki, ɗaya nan ɗaya nan, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango. Mutumin da ya raine ni. Sai muka ga ya fara rage cin abinci, yana cewa ba ya jin yunwa. Saude ce ta gano dalili: so yake ya rage shiga.

Ranar da ta faɗa masa ta gane, bai yi musu ba. Ya sa aka kira Audu, tsohon abokin aikinsa, ya zauna a kujera a tsakar gida, ya zana abin da yake so a ƙasa da bakin sanda. Mazauni na bulo da siminti a kan ramin, daidai tsawon ƙafarsa daga dunduniya zuwa bayan gwiwa, da bututun ƙarfe biyu a dashe cikin bango don dafawa. Kwana biyu Audu yana gini, Yaya yana gyara masa daga zaune. A rana ta huɗu ya shiga shi kaɗai ya rufo ƙofa. Da ya fito ya ce wa Saude, "Akwai sauran tuwon jiya?"

Salla ita ma ta dame shi. A zaune yake yi a kan kujera, a gefen sahu, kuma a lokacin ba a saba ganin haka ba a masallacinmu sai ga tsoho tukuf. Liman ya sha gaya masa cewa sallarsa cikakkiya ce, shi ma ya sani, amma ya ce goshinsa ne yake kewar ƙasa. Sai bayan wata goma sha ɗaya, da aka sake hoto aka ga ƙashi ya haɗe, likita ya ce ya gwada a hankali, ya lanƙwasa daga kwatangwalo, baya a miƙe. Ya gwada a ɗakinsa da azahar, ina gefe. Ya dafa bango, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗayar, ya kai goshi. Ya daɗe bai ɗago ba, har na tsorata na zaci ya maƙale ne, na kai hannu zan ɗaga shi. Bayan ya sallame ya ce, "Da ka ƙyale ni, Habu. Na daɗe ban zo nan ba."

Ga abin da aikin ya ba shi, ga kuma abin da bai ba shi ba, domin in na ɓoye rabi ban yi masa adalci ba. Ciwon ƙafa ya tafi. Fitsari ya daidaita. Ya koma tafiya har kasuwa da ƙafarsa. Amma gefen ƙafar hagu bai sake jin komai ba har ya bar duniya, yana ɗan jan ta, sai takalmi mai maɗauri yake sawa. Bayansa ya zama kamar an sa masa katako, in abu ya faɗi sai ya durƙusa zai ɗauka. In hadari ya haɗu yana jin sa a ƙugu kafin kowa ya gani. Kuma bai sake hawa katanga ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci masa rai. Ya yi wata da watanni yana zama a zaure ba ya son hira, in ya ji ana kwaɓa ƙasa a maƙwabta sai ya tashi ya shige ciki.

Inna ce ta fito da shi, ba tare da ta yi niyya ba. Gwiwa ta kama ta, ta fara zuwa sashensa tana amfani da bayin nan, ta kuma ba ƙawayenta labari. Sai ga wani ya zo yana so a yi wa mahaifiyarsa, sai ga wani don babansa mai shanyewar ɓarin jiki. Yaya ya ɗauki sanda da igiya ya fara zuwa gidaje. Ba ya yarda a yi wa kowa tsawo ɗaya. Sai ya auna ƙafar mai shi, in mace ce ya ba 'yarta igiya ta auno, ya tambayi wane hannu ya fi ƙarfi don ya san inda za a dasa bututu. Audu na gini, shi yana tsaye. Daga nan ya shiga gyara ƙofar zaure don keken marasa lafiya ya wuce, ya yi ɗan dakali a gefen masallatai biyu don masu salla a zaune. Abokansa magina suka sa masa suna Injiniyan Bayi. Da farko yana jin zafin sunan. Daga baya in an kira shi da shi sai ya ce, "Ku dai ku tsufa, zan zo in auna ku."

Labarin aikin da aka yi masa ya bazu, har ya zama duk wanda likita ya ambata wa ƙarfe a baya sai an ce ya je ya ga Iliyasu. Suna zuwa daga Zango, daga Sandamu, daga ƙauyukan kan iyaka. Yakan ɗaga riga ya nuna musu tabon, ya ce su taɓa. Yakan fara da cewa shi ba likita ba ne, nasa kawai ya sani. Ba ya ce wa kowa je ka, ba ya ce wa kowa kada ka je. Yakan ce, "Ka tambayi likita me aikin zai gyara, me ba zai gyara ba. In ya ce maka za ka koma sabo, nemi wani likitan. Ni ƙafata ta huta, bayana bai koma na dā ba, kuma da za a mayar da ni ranar, zan sake shiga."

Ba duk wanda ya zo ne ya dace ba. Akwai Malam Ɗanjuma, dillalin shanu daga Mai'adua, wanda ya zauna da Yaya yini guda, ya je aka yi masa, amma ciwonsa bai ragu ba, ƙafa ɗaya ma ta ƙara rauni. Ya aiko da saƙo mai zafi, cewa ganin Yaya yana tafiya ne ya ruɗe shi. Maganar ta taɓa Yaya ƙwarai. Na ce masa ai bai tilasta kowa ba. Ya ce, "Na sani. Amma mutum yana kwance, ba lokacin tantance mai gaskiya ba ne." Babur yana wahalar da bayansa, amma ya sa aka kai shi Mai'adua a mota, ya zauna ya sha faɗan, sannan ya fito da igiyarsa ya auna ƙafar mutumin. Tun daga nan duk wata sai ya leƙa shi, har Allah Ya yi wa Malam Ɗanjuma rasuwa.

A shekara ta bakwai abin da ya tambayi likita ya faru. Ciwo ya dawo, sama kaɗan da inda aka ɗaure. Muka koma Kano, aka yi hoto, aka ce gaɓar da ke sama ta gaji, ana iya ƙara aiki a haɗa da ita. Ya yi mako biyu yana tunani, ya ce wannan karon zai haƙura, tunda ƙafa na ɗaukarsa. Ya riƙe gashin ƙashi da motsa jikin da aka koya masa, ya ƙara dogara da sanda. Ban san ko ya yi daidai ba. Wata rana ina ganin da an yi da ya fi jin daɗin shekarunsa na ƙarshe, wata rana ina ganin shi ya san jikinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin ganin kujerun roba jere a bayan sahu a kusan kowane masallaci, babu mai jin kunyar zama. Na san kuma ransa zai ɓaci da tallan da ke yawo a wayoyinmu da lasifikar kasuwa, na maganin da wai yake mayar da ƙashin baya wurinsa cikin kwana uku. Ya san abin da shekara biyu na jinkiri suka ci masa, yatsan nan da bai farfaɗo ba. Zai yi tsaki in ya ga sababbin benayen da ake yi da matakala mai tsayi da tayil mai santsi babu abin dafawa, kamar masu gidan sun yi alkawari da ƙuruciya. Kuma zai tambaya, kamar yadda nake tambaya, me ya sa har yanzu wanda aka yi wa irin wannan aiki ake sallamo shi da takardar magani kawai, babu mai tambayarsa wane irin bayi ne a gidansu, a kan me yake kwana, wa zai ɗaga shi.

Ba baya ne ya kashe shi ba. Hawan jini ne, kwana uku a asibiti, ya cika da safe, shekara tara bayan tiyatar. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da muka juya shi na ga tabon, dogo, ya yi fari, na tuna yawan hannayen da suka shafa shi suna neman ƙwarin zuciya. Wani daga cikin dangi ya tambaya a hankali ko sai an cire ƙarfen kafin a rufe shi. Liman ya ce a'a, ya zama jikinsa, a bar bawan Allah da abinsa. Haka muka kai shi.

Sorayen da ya fi alfahari da su, yawancinsu babu su yanzu. Wasu magada sun rushe sun yi na bulo, wasu damina ta ci su don babu mai yaɓe. Wanda ya rage a unguwarmu ɗaya ne, shi ma an jingina masa shago. Da a ce da su kaɗai za a tuna shi, da an kusa mantawa.

Watan jiya na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye a hanyar Mai'adua, gidan da ban taɓa shiga ba. Na nemi bayi aka nuna mini. Ina shiga na ga mazaunin siminti, da bututu biyu a bango, na dama ya ɗan fi na hagu tsawo. Ƙarfen ya yi sumul saboda kamu. Ni ma yanzu gwiwata ta fara magana, sai da na dafa shi na tashi. Da na fito na tambayi mai gidan wa ya yi musu. Ya ce, "Wallahi wani dogon mutum ne daga Daura, mai sanda, yana ɗan jan ƙafa. Ya zo ya auna babanmu da igiya. Babanmu ya shekara biyar yana shiga da kansa, babu wanda ya taɓa riƙe shi har ya rasu. Yanzu gyatumarmu ke amfani da shi. Sunan ne ban riƙe ba."

Na ce masa sunansa Iliyasu, yayana ne, ya rasu. Mutumin ya yi salati, ya maimaita sunan sau biyu don ya zauna masa, ya ɗaga hannu a nan tsakar gida muka yi masa addu'a tare.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta hutun da babu ciwo a cikinsa. Waɗanda ke kwance suna jiran irin aikinsa kuma, Allah Ya tashe su da ƙafafunsu.